Wayoyin Bangon Falon Auta

A bakin uwar yara na ji labarin, kuma ba da niyya ta faɗa ba. Ranar Alhamis da safe ina shan shayi, tana ninke kayan wanki, sai ta ce, "Auta ta bugo jiya. Wai jibi za a haɗa musu sifikun nan da mijinta ya sayo."

Na ce, "Jibi? Ai ba ta gaya min ba. Asabar akwai aiki a shago, amma zan san yadda zan yi."

Ta sake ninke zanen da ta riga ta ninke. Shekara talatin da shida muna tare, na san irin wannan ninkin.

"Wa zai haɗa musu?"

"Hedimasta, wai."

Na ajiye kofin, ban ƙara kurɓa ba.

Sana'ata gyaran rediyo da amfilifaya, shekara arba'in ke nan. Babu ɗakin taro ko makaranta a unguwarmu da ban hau tsani na ɗaura wa sifika ba. Auta ita ce ta ƙarshe cikin 'ya'yana biyar, kuma a shagon nan ta girma. Yayyenta ko warin dalma ba sa so, ita kuwa tun tana shekara bakwai take riƙe min tocila in na shiga cikin rediyo. Kafin ta kai sha biyu, in abu ya ƙone hancinta kan riga mitata gane wurin. Yanzu a ɗakin gwajin jini take aiki a asibiti, amma har gobe ta fi rabin masu gyaran layinmu iya fere waya.

Hedimasta kuma uban mijinta ne. Ya yi ritaya daga makarantar firamare, sunan ya bi shi gida. Mutumin kirki ne, kuma abin haushin ke nan. Da mugu ne, da na samu abin faɗa. 'Ya'yansa huɗu duk maza, saboda haka ranar da aka kai masa Auta sai ya riƙe ta hannu bibbiyu. Gidansa layi biyu ne tsakaninsa da nasu, ni kuwa sai na hau mota biyu. Shi ya koya mata tuƙi. Tun da ta samu ciki, shi yake kai ta awo in mijin yana wurin aiki. In ta kira ni a waya sai ta ce, "Baba ya ce in rage tsayuwa," ni kuma in tsaya ina tunanin yaushe na ce haka, kafin in gane ba ni ake nufi ba.

Duk wannan na haɗiye. Mota ba ni da ita, asibiti ban san kansa ba. Amma waya? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa da alli a hannu shi za a kira ya haɗa sifika, ina raye, idona biyu? Ana cewa kishi kumallon mata ne. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa aurar da 'ya ba.

Ranar Asabar na ɗauko dutsen gugar Auta da ya kwana biyu a shago, wanda na gyara tun makon jiya, na sa a leda. Uwar yara ta dube ni, ta dubi ledar.

"Malam, ba a gayyace ka ba fa."

"Dutsen guga zan kai. Ko shi ma sai an gayyace ni?"

"To ina jakar aikinka?"

"Ba aiki zan je ba."

Ba ta ga ƙaramin batir da sukundireba da na zura a aljihu ba. Ko ta gani ta ƙyale.

Gidan nasu sabo ne, wata uku ke nan da tarewarsu. Wanda ya gina shi ya binne wayoyin sauti a cikin bango tun kafin a yi filasta, abin da na yaba a raina ranar da na fara zuwa. A bangon gaba, inda talabijin take, akwai 'yan faranti uku masu noti biyu-biyu, ja da baƙi. A bangon baya akwai biyu, can sama kusa da silin. Dukan wayoyin sun bi ta cikin bango sun fito ta rami guda a bayan kabad ɗin talabijin, a dunƙule kamar jelar doki, babu wadda aka rubuta wa suna. Aikin shi ne a gane wace waya ce ta wane faranti, a haɗa sifiku a can, a haɗa amfilifaya a nan. Aikin rabin awa ne ga wanda ya sani.

Ƙofar falo a buɗe take. Na yi sallama na shiga. Hedimasta yana zaune dirshan a ƙasa, ya naɗe hannun riga, tabarau a ƙarshen hanci, littafin bayanin amfilifayar a buɗe kan cinyarsa. Auta na zaune kan wata 'yar kujera a gefensa da cikinta na wata takwas, tana haska masa bayan kabad da tocila. Ta ɗan karkatar da ita don kada hasken ya dawo masa a ido. Ni na koya mata wannan riƙon.

"Lah, Baba! Ba ka ce za ka zo ba."

"Dutsen gugarki na kawo."

Hedimasta ya yunƙura ya miƙe da ƙyar, ya kama hannuna da hannu biyu. "Injiniya! Ai shi ke nan, masu abu sun zo. Tun ƙarfe tara nake fama da jelar nan. Bisimilla, ga wuri."

Injiniya yake ce min tun ranar da muka fara haɗuwa, kuma har yau ban tabbatar ko girmamawa ce ko zolaya ba. Da na karɓi tayin nan, da labarin ya ƙare a nan. Amma sai na ji bakina yana cewa, "A'a, ku ci gaba, Hedimasta. Mu namu na tsohon yayi ne. Waɗannan na zamani sai ku masu karatu."

"Haba Injiniya."

"Wallahi ku ci gaba. Kallo na zo yi, ko na ƙaru."

Na samu kujerar da ke fuskantar bayan kabad na zauna, na harɗe hannu. Auta ta dube ni, ta mayar da tocilar bayan kabad.

A gaskiya mutumin ya yi ƙoƙari. Ya yanka 'yan takardu, ya rubuta "gaba hagu", "gaba dama", "tsakiya" da rubutu mai kyau irin na allo, ya manna wa wayoyin da salatif. Sai dai da ka ya raba sunayen. Wai wadda ta fito ta hagun ramin ita ce ta hagu. Waya a cikin bango kuwa ba ta san hagu da dama ba, inda mai gini ya ga dama nan ya bi da ita. Ban ce uffan ba. Wannan kuskuren ba ya kashe kowa, iyaka mutum ya yi magana a dama a ji muryarsa a hagu.

Ana cikin haka Auta ta ce, "Baba, miƙo min almakashin nan."

Mu biyu muka miƙa hannu. Almakashin ya fi kusa da shi, shi ya ɗauka. Ya yi dariya, ta yi dariya, ni ma na buɗe haƙora. Can sai wayarta ta yi ƙara, mijinta ne daga wurin aiki. Na ji tana cewa, "E, muna kai. Baba na nan tun safe. Babanmu na shago ma ya zo."

Babanmu na shago. Ni na yi mata huɗuba a kunne, ni na kwana a tsaye da ita lokacin da ƙyanda ta kusa ɗauke ta, yau ni ne ake yi wa ƙarin bayani don a bambanta. Shi Baba ne kawai, ba ya bukatar komai a gaban sunansa. Zuciyata ta yi baƙi ƙirin.

Da ta gama wayar ta dafa kabad ta miƙe. "Bari in dafa maka shayi, Baba," ta ce da ni, sannan ta dubi Hedimasta. "Baba, ku jira ni kafin ku ɗaura na bayan amfilifayar, ina so in gani."

"To, 'yata," in ji Hedimasta.

Amma bai jira ba. Ina jin so yake ta dawo ta tarar ya gama, ko kuma ni yake so in ga ya iya. Ya ɗauki wuƙar kicin ya fere wayoyin, ya fere su da tsawo, kusan gaɓar yatsa biyu, bai kuma murɗe bakinsu ba. Haka ya riƙa tura su cikin notunan a baje kamar tsintsiya, yana ɗaurewa. A ta uku, wadda ya rubuta wa "tsakiya", zaren jan ƙarfe guda, siriri kamar gashi, ya kauce daga jan noti ya kwanta a kan baƙi.

Na gan shi. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, daga inda nake zaune hasken taga yana dukansa, yana ƙyalli. Kalma uku ta isa: "Hedimasta, duba nan." Ko in tashi in ture shi da farce, ba wanda zai san an yi. Na buɗe baki, sai na ji Auta daga kicin tana tambaya, "Baba, a sa muku sukari ko yau ma babu?" Shi ya amsa, "Babu, 'yata, kin san dokar likita." Ta san yadda yake shan shayinsa. Na mayar da bakina na rufe.

A raina na ce amfilifayar zamani ce, tana da mai gadi a ciki, da ta ji waya ta haɗu za ta kashe kanta. Zai ɗan ji kunya, a juyo gare ni, in ture zaren, shi ke nan kowa ya san matsayinsa. Da wannan na lallashi kaina.

Ya ɗaura sifiku uku na gaba a farantansu, ya ce a gwada kafin a hau na baya. Ya jona wuta, ya danna. Fitilar gaban ta kawo, ta yi ƙas, ta ɗauke. Ya dubi littafi, ya sake dannawa. Ƙas, ta ɗauke. Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau.

"Injiniya, ko haka take yi in sabuwa ce?"

Ga dama ta biyu, Allah ya kawo min har gida. Na ce, "Me littafin ya ce?"

Ya duba, ya duba, ya ce wataƙila sautin ne a ƙasa. Ya murɗa shi har ƙarshe, ya danna maɓallin ya riƙe da yatsa bai saki ba. Wata sifika ta yi wani gurnani, aka ji fat, wani siririn hayaƙi ya fito ta ramukan saman amfilifayar. Warin da na fi sani a duniya ya cika falon.

Auta ta fito da tire a hannu, hancinta ya riga ya gaya mata. Ta ajiye tiren, ta zare filogi daga bango kafin ta ce komai.

Hedimasta yana durƙushe. "Innalillahi. Na ɓata wa yaron nan kaya. Ko sau ɗaya bai ji ta ba. Littafin na bi, wallahi littafin na bi." Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. A lokacin ya koma min wani tsoho ƙarami, ba wanda na zo da shi a raina ba.

Na ji daɗi. Wannan ma ba zan ɓoye ba. Daɗin ya kai kamar numfashi uku, sannan Auta ta dafa kabad, ta sunkuya iya yadda cikinta ya bari, ta haska bayan amfilifayar. Ba ta ɗauki lokaci ba. Ta ga zaren, ta ɗago, ta dubi kujerar da nake zaune, ta dubi taga, ta sake duban notin. Tana auna abin da ake iya gani daga inda nake. Na sha jinin jikina.

Ta ce wa Hedimasta, "Ba komai, Baba, abin gyara ne. Ku zauna ku sha shayinku." Sannan ta juyo gare ni. "Baba, zo ka duba min soket ɗin kicin."

Babu abin da ya samu soket ɗin kicin. Ta tura ƙofa, ta jingina da firij.

"Ka gani."

"Me na gani?"

"Baba, kai da kake hango zaren waya daga bakin ƙofar shago ka yi min tsawa? Ka gani, ka yi shiru."

"Ni ba a kira ni aiki ba. Wanda aka kira shi ke da aiki."

"To ka san dalilin da ban kira ka ba?" Muryarta ƙasa-ƙasa take, don kada a ji a falo. "Ranar da ka fara zuwa gidan nan, mijina ya nuna maka fitilun da ya sa da hannunsa, yana murna. A gaban abokansa ka ce makaho ma zai fi haka. Kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Tsoronka yake ji, Baba. Da ya sayo kayan nan na ce a kira ka, ya ce in rufa masa asiri, za ka ce an cuce shi, ya sayo tarkace. Sai na ce to ni zan haɗa, tunda na iya. Durƙuso ne ba na iyawa, shi ya sa Baba ya ce zai zama hannuna."

Na ce, "Baba, Baba. Ni kuma na shago."

Ta tsaya tana kallona, bakinta a ɗan buɗe. "Wannan ne? Saboda wannan ka bar dattijo ya ƙona kaya a gabanka?"

Na kai hannu na taɓa soket ɗin da babu abin da ya same shi.

"Mutumin nan bai taɓa faɗin sunanka ba sai da alheri. Ni kuwa ban san zan taɓa jin kunyarka ba sai yau."

Da mari ta yi min da ya fi sauƙi. Ta share ido da bakin mayafi, ta buɗe ƙofa ta fita. Na bi bayanta, na kwance wayoyin ɗaya bayan ɗaya, na mayar da amfilifayar cikin kwalinta. Hedimasta ya ce zai kai ni a mota, na ce a'a. Haka na rungumi kwalin na hau mota biyu, yana kan cinyata, warin ƙuna yana bina.

Uwar yara ta ga kwali, ta ga fuskata. Na ba ta labarin, na rage wani wuri, ta cike da kanta.

"Tsuntsun da ya ja ruwa," ta ce, ba ta ƙarasa ba. "Ni da aka kawo min matan 'ya'yana suna ce min Mama, ka taɓa jin uwayensu sun zo sun zuba min gishiri a tukunya?"

Ranar Litinin na buɗe amfilifayar a shago. Taransista biyu sun tafi, da fis, da wani ɗan abu da ya ƙone har ya ci allon. Samun irinsu ya ɗauke ni kwana biyu ina yawo layin masu kayan gyara. Ban kira Auta ba, ita ma ba ta kira ba. Kullum wayata na kan benci kusa da dalma, in ta yi ƙara in duba, in ga mai rediyo ne.

Ranar Laraba da hantsi ina cikin liƙi sai inuwa ta rufe min haske. Hedimasta ne, da hularsa da sandarsa. Bai taɓa zuwa shagona ba. Na share masa benci, muka gaisa, ya zauna yana kallon rediyoyin da suka cika kanta har sama.

"Za ta tashi?"

"Za ta tashi."

"Alhamdulillahi." Ya juya sandar a hannunsa. Ni kuma na kasa ci gaba da liƙin. Na ajiye ƙarfen.

"Hedimasta, akwai maganar da ya kamata ku sani. Ranar nan..."

"Na sani," ya ce. "Shekara talatin da biyar ina gaban aji. Na san fuskar ɗalibin da bai san amsa ba, na kuma san ta wanda ya sani ya zauna a kanta. Tun da na tambaye ka karo na biyu na gane. Amma ni ma taurin kai ya hana ni tsayawa. Na ce sai na kunna ta a gabanka ko ta halin ƙaƙa."

Wannan ne karo na farko da ya ce min "ka" maimakon "ku" ko Injiniya kawai.

"Ka yafe ni," na ce.

"Na yafe. Amma na ji zafi, kada in yi maka ƙarya. Da girmana, a gaban yarinya." Ya gyara zama. "Ita ce ba ta huce ba. Kuma ba zan shiga tsakaninku ba, don ban isa ba. Ni in na yi mata laifi sai ta ce ba komai, Baba, ta kawo min shayi. Kai ne take iya rufe ƙofa ta wanke tas. Kicin ɗin nan ba shi da kaurin bango, Injiniya."

Na so in ji sanyi da wannan magana, na kuma ɗan ji. Amma wani gefen zuciyata cewa yake, ga shi nan kuma, har haƙurin ma ya fi ni iyawa.

Ranar Asabar da safe ya zo da mota ya ɗauke ni, da kwali, da jakar aikina a fili. Mijin Auta yana gida. Ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa na kan kwalin kamar mai jiran sakamakon asibiti. Auta ta gaishe ni gaisuwar da ba ta da laifi, ba ta kuma da daɗi, ta koma kan kujera ta zauna.

Na ce wa yaron, "Kayan nan da ka sayo masu kyau ne. Na ga cikinta, ba a yi ha'inci ba." Gaskiya ce, amma sai da na tattaro ƙarfi kafin ta fito. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi matarsa, kamar bai yarda da kunnensa ba.

Muka fara daga farko. Na ciccire takardun Hedimasta na jera su a kan kabad. Na sa shi da ɗansa suka ɗaura kowace sifika a farantinta, ja a ja, baƙi a baƙi, yaron a kan tsani yana na baya. Sannan na fito da ƙaramin batir.

"Hedimasta, tsaya tsakiyar falo ka kasa kunne. In na taɓa waya da batirin nan, sifikarta za ta yi ƙwas. Ka gaya min wacce ce."

Na taɓa ta farko. Ƙwas.

"Baya, dama!" ya ce da ƙarfi, kamar mai kiran suna a aji. Wadda ya rubuta wa "gaba hagu" ce da. Ya yi dariya har da tafi. "Ashe duk ajin na ba su sunan juna."

Muka bi su ɗaya-ɗaya, yana kira, ina manna takarda. Wasu wayoyin duk fatarsu kala ɗaya ce, ba a gane ja da baƙi, sai na sa yaron ya cire ragar gaban sifika ya sa ido. In fatar sifikar ta turo waje, zaren da ke taɓa kan batir, ba gindinsa ba, shi ne ja. In ta shige ciki, sai in juya. Na nuna masa yadda ake ferewa daidai rabin gaɓa, a murɗe bakin har ya zama tsinke guda, a ɗaure, a ɗan ja a ji ko ya kama. Ya fere ta farko ya yanke rabin zaren. Maganar ta zo min har bakin haƙori. Na haɗiye, na ce, "Yanke ka sake, akwai sauran tsawo."

Ta biyar ta ƙi magana. Na taɓa, na sake taɓawa, shiru. Na sa mita, babu hanya. Sifikar baya ta hagu ke nan, wayarta ta yanke a wani wuri cikin bango. Ina tunanin ta inda za a bi da sabuwa ba tare da an fasa filasta ba, sai Auta ta yi magana daga kujera, karo na farko tun da muka fara.

"Duba ƙusar labulen nan, Baba. Daidai layin farantin take. Wanda ya sa mana labule da dirila ya huda."

Ni take kallo. Na hau tsani, na kwance ƙarfen labulen, na haska ramin. Ga jan ƙarfe nan yana leƙe, an raba shi biyu. Na ɗan faɗaɗa ramin, na jawo bakunan, na liƙe da dalma, na naɗe, na mayar. Na sauko na taɓa batir. Ƙwas.

"Idonki na nan," na ce.

"Hancina ma," ta ce. Ba ta yi murmushi ba, amma ta tashi ta shiga kicin, kuma shayin da ta kawo min cokali biyu ne na sukari, yadda nake sha.

Da muka kunna, yaron ya sa wani fim da ake ruwan sama a ciki. Ruwan ya zubo ta gaba, ya zagayo ta baya, tsawa ta fito daga wata babbar sifika da aka ajiye a ƙasa har gilashin taga ya amsa. Hedimasta ya waiga yana neman inda yake yoyo, muka yi ta dariya. Auta ta kama hannunsa ta zaunar da shi a kujerar tsakiya, inda sauti ya fi haɗuwa, wai kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Ni ina tsaye a gefe da rimot. Na ƙara wa sifikun hagu ƙarfi kaɗan saboda shi, ina yi ina jin abin nan yana motsi a ƙirjina, bai mutu ba.

Da la'asar Hedimasta ya ɗauko ni zuwa gida. Muna tafe yana ba ni labarin ɗakin da suke shirya wa jariri. Ya ce ana son fanka a sama, da a ɗaga soket ɗin da ke ƙasa don kada yaro ya kai hannu in ya fara rarrafe.

"Na gaya mata ni da waya mun yi hannun riga. Ta ce za ta kira ka."

"Asabar zan zo," na ce.

"Madalla. Za ka ga gadon ma, jiya aka kawo. Na sa an yi masa 'yar ƙofa a gefe, da wurin rataya gidan sauro."

"Wane gado?"

"Na jaririn mana. Tun wata biyu na ba kafinta."

Muka wuce shataletale. Gado. Jikan da ba a haifa ba, har an riga ni shimfiɗa masa wurin kwana. Muna isowa layin kafintoci na ce ya tsaya.

"Ai ba mu kai ba, Injiniya."

"Akwai wanda zan gani a nan. Ka wuce, na gode."

Na sauka da jakata, na jira motarsa ta sha kwana, sannan na shiga rumfar wani tsohon abokina, na ce ya ajiye abin da yake yi ya nuna min katakon da ya fi kowane kyau a wurinsa. Ya ce na me? Na ce keken koyon tafiya, mai taya huɗu, kuma a bar min wuri a gaba inda zan sa fitila da 'yar ƙararrawa.